Hankali Da Gidansa

Hausawa suna cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Wannan magana gaskiya ce, domin mutum biyu suna iya duban abu guda, ɗaya ya hango riba, ɗaya kuwa ya hango asara, alhali idanunsu lafiya lau. To amma shi hankalin, a ina yake zaune a jikin ɗan Adam? Idan aka bi harshen Hausa, za a tarar an raba shi gida gida. Murna da ɓacin rai an ba ciki, shi ya sa ake cewa farin ciki da baƙin ciki. Fushi da saƙe-saƙe an ba zuciya. Gardama kuwa aka ɗora wa kai, aka ce taurin kai. Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan rabo ba. Shi kansa Aristotal, babban masanin Girka, ya ɗauka a zuciya tunani yake, wai aikin ƙwaƙwalwa shi ne sanyaya jini.

Abin da ya auku ga wani ɗan ƙwadago a ƙasar Amurka ya taimaka wa likitoci ƙwarai wajen warware wannan zance. Sunansa Phineas Gage, yana da shekara 25, shi ne shugaban wasu leburori masu fasa duwatsu don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont. Ran 13 ga watan Satumba na shekarar 1848 yana danna albarushi cikin ramin dutse da wata sandar ƙarfe, sai tartsatsi ya tashi, albarushin ya kama. Sandar nan mai tsawon ƙafa 3 da inci 7, mai nauyin wajen kilo 6, ta shige ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ta ratsa gaban ƙwaƙwalwarsa, ta ɓullo ta tsakar kansa, ta faɗi can nesa.

Abin mamaki, mutumin bai mutu ba. Aka ɗora shi a keken shanu aka kai shi masauki, yana magana, ya kuma gaya wa likita yadda abin ya faru da bakinsa. Wani likita mai suna John Harlow ya yi jinyarsa har ya warke, sai dai idonsa na hagu ya mutu. Ƙafa tana tafiya, hannu yana aiki, harshe bai karye ba. Amma bisa ga bayanin da Harlow ya buga a 1868, halin mutumin ya sāke. Wanda a da aka san shi da natsuwa da iya tsara aiki ya koma mai ashar, mai gajen haƙuri, wanda zai ƙulla shawara yanzu ya kwance ta an jima. Masu kamfanin suka ƙi mai da shi kan muƙaminsa, abokansa kuma suka ce wannan ba shi ne mutumin da suka sani ba.

Daga wannan da ire-irensa aka gane cewa haƙuri da kunya da hangen nesa, watau abubuwan da Bahaushe ke dubawa kafin ya kira wani mutumin kirki, suna da alaƙa da sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Ita ƙwaƙwalwar nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, tana kuma ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ita ce gidan hankali. In katangar gida ta rushe, tilas mai gida ya ji a jikinsa.

Sai dai labarin Gage bai ƙare nan ba, kuma sauransa ne aka fi mantawa. A 1852 ya tafi ƙasar Chile, ya shekara wajen bakwai yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja tsakanin Valparaiso da Santiago. Aiki ne mai bukatar sammako, da kula da dawaki, da lissafin kuɗin mutane, da ladabi ga baƙi. Wanda ba ya iya riƙe kansa ba zai daɗe a cikinsa ba. Saboda haka wasu masana na zamanin nan suna ganin aikin yau da gobe, da cuɗanya da mutane, su ne suka mai da masa da yawan abin da ya rasa. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi. Ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitoci ta Jami'ar Harvard.

Wani ɗan Nijeriya ya gane wannan darasi, ya kuma yi aiki da shi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta, ya koyi likitanci a Ingila, ya komo gida. A 1954 ya soma wani sabon tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali a ɗaki, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane majiyyaci tare da wani danginsa mai dafa masa abinci da kula da shi. Da rana ya je asibiti a ba shi magani, da yamma ya komo cikin jama'a. Lambo bai raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin, domin ya san da su majiyyata suka saba. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, ina aka kwana a garuruwanmu? Saurayi ya faɗo daga babur ya bugu a ka, rauni ya warke amma hali ya canza, sai a ce ya lalace. Mai jego ta shiga sambatu, sai a ce kishiya ce. Tsoho ya soma mance sunan 'ya'yansa, sai a ce rigimar tsufa ce, a ƙyale shi. Wanda abin ya yi wa tsanani kuwa, ko dai a sa masa mari, ko a sake shi kan titi yara suna jifa. Dukansu marasa lafiya ne, kamar mai karaya ko mai ciwon hanta. Bambancin kawai shi ne, gaɓar da ta kamu ita ce wadda mutum ke gane kansa da ita.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga zamanin Turawa. Doka tana da amfani, amma ba ita za ta ɗauki majiyyaci ta kai shi asibiti ba, ba kuma ita za ta zauna kusa da shi ta ba shi abinci ba. Wannan aikin dangi ne da maƙwabta. Duk gidan da aka ga halin wani ya juya farat ɗaya, musamman bayan buguwar kai, ko zazzaɓi mai zafi, ko haihuwa, ya kamata a nemi likita kafin a yanke masa hukunci. Hankali aro ne a hannun kowa, sandar ƙarfe guda ta isa ta girgiza shi. Wanda nasa ke tare da shi yau, ya yi amfani da shi wajen riƙe hannun wanda nasa ya yi rauni.