Mai Awon Fili In Ya Talauce, Ɗan Kasuwa Ke Biyan Bashin

Ƴan'uwana ƴan kasuwa na Maraɗi da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Magariya da Gaya, har da maƙwabtanmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba. Yau ina so mu tattauna a kan wani mutum da ba mu tunawa da shi sai ranar da rigima ta tashi, wato mai awon fili, wanda mu nan muke ce wa jeyomet, mutanen ƙetare kuma su ce ma'aikacin safiyo. Ra'ayina shi ne, muddin ofishin wannan mutum ba ya cin riba ta halal, to dukiyarmu ce ke cikin haɗari.

Kowa ya san inda ɗan kasuwa ke kai ribarsa in Allah ya buɗa masa: fili. Wanda ya ga yadda kaya suka lalace cikin manyan motoci lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, ya sake ganin haka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa watan Maris na 2024, ba sai an gaya masa dalili ba. Albasa tana ruɓewa, ƙasa ba ta ruɓewa. Ga shi kuma jama'a sai ƙaruwa take yi: ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Bugu da ƙari, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk inda aka ji za a yi tasha, idon masu kuɗi yana kan filayen wurin. To amma filin da ba a san iyakarsa ba, rigima ce mutum ya saya da kuɗinsa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani abokin cinikina mai fataucin wake da aya ya sayi fili a bayan gari domin ya gina mangaza. Da ya je ofishin awo aka gaya masa kuɗin aiki, sai ya ga sun yi yawa, ya kira wani yaro mai igiyar awo da wayar hannu, ya kafa masa turaku huɗu da rabin kuɗin. Ya ja katanga. Bayan shekara biyu maƙwabci ya zo da tasa takarda, aka auna, aka ga katangar ta ci masa kusan mita uku. Aka ce a nemo ofishin da ya yanka unguwar tun farko, ya fito da taswirar asali. Da aka je, ofishin ya rufe, mai shi ya koma wata sana'a, takardun kuma gara ta gama da su. Abokina ya rushe katanga da hannunsa. Abin da ya tsimar bai kai kuɗin buhun wake ɗaya ba, abin da ya yi asara ya fi kuɗin buhu talatin. Arha ba ta ado.

Laifin abokina a fili yake. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya rufe wancan ofishi, alhali aikin awo bai taɓa yawa kamar yanzu ba? Amsar ba ta da wuya ga ɗan kasuwa. Yawancin masu wannan sana'a sun ƙware a lissafin ƙasa, amma ba su ƙware a lissafin kuɗi ba. Sun yi karatu mai zurfi, sun san kusurwa da tazara, amma aljihun mai gida da akwatin ofis ɗaya ne. Kuɗin aiki ya shigo da safe, da yamma sun tafi cefane da biki da suna. Ranar da na'ura ta lalace babu abin gyara, balle na sayen sabuwa.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa, da alƙaluman da na ɗauka don misali kawai. A ce na'urar awo ta ci miliyan 6 na sefa, za ta yi shekara 5, kowace shekara a yi aiki da ita kwana 200. Ke nan kwana 1,000, kowace rana tana cinye jaka 6 daga ranta. A ce mota ta miliyan 5 ce, ita ma jaka 5 a rana. Mai na jaka 15. Ladan ma'aikata uku, jaka 15. Hayar ofis da wuta da kwamfuta da takarda, jaka 5. Siminti da ƙarfen turaku, jaka 4. Jimla jaka 50 ke nan, tun kafin mai ofis ya ci ko dala, tun kafin a yi zancen harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. To wanda ya karɓi aikin yini guda a kan jaka 30 don kada abokin gaba ya ƙwace, jaka 20 ya cire daga uwar kuɗinsa, yana tsammani ciniki ya yi. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar da buhun shinkafa ƙasa da yadda ya saro, ya ce yawan masu saye ne zai fitar da shi?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ofishin da ke bin wannan hanya yana da mafita uku, dukansu a kanmu suke ƙarewa. Ta farko, ya rage aiki: a maimakon ya ɗaure awonsa da turakun asali na unguwa, sai ya auna daga katangar maƙwabci, in ita ma a karkace take, kuskure ya haifi kuskure. Ta biyu, ya sa hannu da hatimi a kan aikin da wani ya yi, shi bai taka wurin ba. Ta uku, wadda ta fi haɗari, ya yarda a biya shi da filaye.

Wannan al'ada ta biyan aiki da fili ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Bayan zaɓen 2004, da aka kafa ƙananan hukumomi 265, da yawansu ba su da wata hanyar samun kuɗi da ta kai yankan filaye, kuma wanda ba shi da kuɗi a hannu, da abin da yake da shi yake biya. Sai mai awo ya wayi gari ya zama dillalin fili. Mutumin da ya kamata ya zama ma'aunin gaskiya tsakanin mai saye da mai sayarwa, yanzu yana da kaso cikin hajar. In aka ce a matse hanya ko a ci filin makaranta don a ƙara fitar da fuloti biyar, da wane baki zai ƙi? Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ga shi kuma fili ba ya biyan albashi a ƙarshen wata, dole ya karyar da shi da gaggawa, ya yi asara sau biyu.

Saboda haka ga shawarata ga masu ofisoshin awo, shawarar ɗan kasuwa ga ɗan'uwansa.

Da farko, ku raba aljihu da akwati. Mai ofis ya yanka wa kansa albashi, sauran kuɗi su zauna a asusun ofis, a rubuta shiga da fita kullum. A ware kason na'ura da na mota a kowane aiki, kada a taɓa shi, domin kayan nan daga waje suke zuwa, ko na Leica da Trimble ne ko na Sin masu sauƙin kuɗi.

Na biyu, kada a fita aiki sai da takarda: girman fili, abin da za a yi, kuɗinsa, da ranar miƙawa. A karɓi rabi kafin fita, cikon kuma ranar miƙa taswira. A bakin iyaka, a tsayar da farashi da kuɗi iri ɗaya. Wanda ya yi ciniki da naira a farkon 2023, aka biya shi bayan darajarta ta faɗi daga watan Yuni na wannan shekara, ya san abin da nake nufi.

Na uku, ku ƙi biyan aiki da fili. In ya zama dole, a rubuta shi a sarari, kuma ranar da rigima ta tashi a wannan unguwa, a kira wani ofishi dabam ya auna.

Na huɗu, ku adana aikinku. Kowane aiki da lambarsa, da alƙaluman kusurwoyinsa, a takarda da kuma kwamfuta, a wuri biyu dabam. Wannan ita ce uwar jarin ofis, ta fi na'ura daraja. Ofishin da ke da tarihin unguwa zai maido da turken da ya ɓace cikin rabin yini, kuma duk mai rabon gado ko sayarwa ko gini a wurin, gare shi zai dawo.

Na biyar, ku koyi dabarar cin kasuwar ƙauye. Ba a ɗaukar mota don buhu ɗaya. A tara ayyukan hanya ɗaya a yi su rana ɗaya. Ƙananan ofisoshi biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi babbar na'ura ɗaya, ko mai ita ya ba da haya ranar da ba ya aiki da ita. Kada kuma a zauna jiran yankan unguwa kawai: akwai gonaki da lambuna, da burtalin dabbobi, da aza harsashin gini, da hanyoyi da magudanan ruwa. Kuma yaron da kuka koya wa aiki ku biya shi da kyau, in ba haka ba gobe shi ne zai fita da igiya da waya yana karya muku farashi.

Mu kuma ƴan kasuwa, namu ya rage. Mu sani wayar hannu tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar, alhali na'urar ƙwararru kuskurenta santimita kaɗan ne. A filin mita 20 sau 20, wato murabba'in mita 400, in iyaka ta gusa da mita ɗaya a gefe guda, murabba'in mita 20 sun tafi, kashi 5 cikin ɗari na kuɗinka. Mai saye a ƙetare ya tuna can da ƙafa ake magana: fuloti mai ƙafa 50 sau 100 kusan murabba'in mita 465 ne. Mu tabbatar mai awon yana da izinin aiki. A Najeriya hukumar SURCON, da aka kafa a 1989, ita ke yi musu rajista. Mu tsaya a wurin ranar awo, tare da maƙwabta. Mu biya da kuɗi, mu karɓi rasit da taswira mai sa hannu.

Kada kuma mu tsaya nan. A Nijar takardar sayar da fili ta ofishin magajin gari mataki ne na farko, cikakkiyar mallaka sai da takardar da ma'aikatar kadastar ke bayarwa, kuma a 2006 aka fito da mai sauƙi da aka raɗa wa suna Sheda, wato shaida da harshenmu. A karkara, dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin Kofo, masu ba da shaidar saye da kyauta da aro da jingina. A Najeriya dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, shi ke ba da satifiket. Ko'ina dai, awo mai kyau shi ne tushe, kuma takardar mallaka ce banki ke karɓa jingina in kana neman jari.

Na san wani zai ce: in masu awo suka tsayar da farashi, talaka ba zai iya ba. Magana ce mai ƙarfi. Amma maganinta ba karya farashi ba ne, haɗa kai ne. In ƙungiyar ƴan kasuwa ko mutanen layi ɗaya suka tara fili ashirin aka auna a fita ɗaya, kuɗin mota da na yini sun rabu gida ashirin. Wani kuma zai ce wadata ba ta hana ha'inci. Gaskiya ne. Sai dai mai ofis mai suna da jari yana da abin da zai yi asara in aka kama shi, kuma akwai ƙofar da za a buga. Yaron nan mai igiya, ina za ka same shi bayan shekara biyu? Hukumomi su ma su biya aikin da suka bayar da kuɗi, a kan lokaci, su kuma hana marasa izini sa hannu.

Mu da muke gwada tiya kafin mu sayi hatsi, muke duba sikeli kafin mu biya, bai kamata mu yi sakaci da ma'aunin abin da za mu bar wa ƴaƴanmu ba. Tun ran gini ran zane. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya raba mu da shari'a da maƙwabci, amin.