Baki Ma Ai Jiki Ne

A yawancin asibitocin ƙasar nan sashen haƙori yana can gefe guda, da katinsa dabam, da layinsa dabam, sai ka ce baki ba a jikin mutum yake ba. Wannan tsari talaka yake cuta, musamman ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun, wanda duk yinin da ya yi a layin asibiti hasarar ciniki ce.

A dubi mai ciwon sukari. Likitoci sun tabbatar cewa idan sukari ya yi yawa cikin jini, dasashi yakan kumbura ya ruɓe har haƙora su soma girgiɗi, ciwon dasashin kuma yakan hana sukarin sauka yadda ake so. Watau kowanne ciyar da ɗan'uwansa yake yi. To, amma sau nawa likitan sukari yake ce wa majinyaci ya buɗe baki? Haka mai ciwon zuciya da ke shan maganin tsinka jini: in an cire masa haƙori ba a san abin da yake sha ba, jinin yana iya ƙin tsayawa. Balle a je ga mai cire haƙori na bakin kasuwa, wanda ba ya tambayar kome sai kuɗi.

Sakkwatawa sun ga amfanin haɗa hannu. Cutar noma, mai cinye fuskar ƙananan yara, daga gyambon dasashi take farawa a bakin yaro mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. A asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, mai fiɗa da mai kula da abinci da mai gasa jiki duk a kan yaro ɗaya suke aiki. A 2023 kuwa, bisa roƙon Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Lalle ne Ma'aikatar Lafiya ta sa a riƙa duba baki a wurin awon ciki da na masu sukari, kati kuma ya zama ɗaya. Kafin nan, sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su riƙa faɗakar da jama'a cewa duk mai zuwa wurin likitan haƙori ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha, ya nuna su tun ba a tambaye shi ba.