Ina Yaran Ikko Za Su Sha Iska?

Duk lokacin da aka sauko daga Idi, ko aka ba 'yan makaranta hutu, magidanta a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende sukan sami kansu cikin matsala iri ɗaya, watau inda za su kai iyalinsu su sha iska. An ɗinka wa yara sababbin tufafi, an ci tuwon Salla, an zaga 'yan'uwa an yi barka, to, sai kuma ina? Abin mamaki ne a ce ana wannan tambaya a Ikko, garin da ke zaune a bakin teku, amma yawancin yaransa sai su shekara ba su taka rairayin gaɓa ba.

Dattawan da suka zauna garin nan a shekarun 1960 da 1970 sun san ba haka abin yake ba a da. A wancan zamani akwai Bar Beach a Victoria Island, ba shinge, ba mai tsaron ƙofa. Ɗan dako da akawu da babban sakatare duk wuri ɗaya suke shimfiɗa tabarma, yara su hau doki, a sayi tsire da gyaɗa, rana ta yi sanyi kowa ya nemi motar gida. Ba a ce wurin ba shi da aibi ba. Ruwansa yakan ci mutane, kuma a nan gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, har da Ishola Oyenusi a cikin 1971, ga yara suna kallo. Amma duk da haka wuri ne na kowa, talaka bai taɓa tsayawa lissafi ba kafin ya tafi.

Abin da ya ci Bar Beach ya samo asali tun zamanin Turawa. Tsakanin 1908 da 1912 an jera ganuwar duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To, igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas, sai ganuwar ta tare shi, gaɓar Victoria Island ta daina samun abin da zai maye wanda ruwa ya kwashe. Shekara da shekaru teku yana cin ƙasa, har ya kai ga yana malalowa kan titin Ahmadu Bello yana shiga gidaje da ofisoshi. Babu mai musun cewa dole ne a yi wani abu. Maganin da aka zaɓa shi ne a cike teku da yashi, a gina katangar duwatsu mai tsawon fiye da kilomita 8, a kafa sabon birni a kan filin da aka samu, wanda ake kira Eko Atlantic. Shugaba Goodluck Jonathan ya halarci bikin ƙaddamar da filin a watan Fabrairu na 2013. Ambaliya ta lafa, gaskiya ne, amma gaɓar da jama'a ke hutawa ta tafi ke nan, kuma ba a ba su wata a madadinta ba.

Ba Bar Beach kaɗai ba ce. Kuramo da ke maƙwabtaka da ita an rushe rumfunanta aka kori mutane bayan ambaliyar watan Agusta na 2012 wadda ta hallaka rayuka. Lambun Ikoyi, inda iyalai kan je yawon shaƙatawa, an yanka shi fuloti-fuloti ya zama unguwar masu hali da ake kira Parkview. Filin sukuwa inda aka yi bikin samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960 an mai da shi Dandalin Tafawa Balewa a 1972, ciyawa ta koma siminti. Kowane ɗaya an kawo dalilinsa a lokacinsa, sai an haɗa su wuri guda sa'an nan ake ganin girman asarar.

Bakin tekun da ya rage a wajen Oniru da Elegushi, har zuwa can gaba a Lekki, galibinsa yana hannun 'yan kasuwa da gidajen sarauta, kuma sai an biya kuɗin ƙofa ake shiga. Mai karatu ya ɗauki magidancin da ke sayar da albasa a Mile 12, yana da mata da 'ya'ya biyar. Zai biya kuɗin mota na mutum bakwai zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya yi tsalle tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023. Zai sha cunkoson hanya, ya biya kuɗin shiga, ya biya na rumfa, ga abinci da tsadarsa. Ba rowa ce ke hana irin wannan mutum fita da iyalinsa ba, ciniki ne na kwana da kwanaki zai tafi a yini ɗaya. Saboda haka yaran sai su ƙare a bakin titi da gefen kwata, suna buga ƙwallo tsakanin 'yan acaɓa da motocin danfo.

A yi wa gwamnatin Jiha adalci, ba ta zauna haka nan ba. A zamanin Gwamna Babatunde Fashola an share ƙarƙashin gadoji da dama an dasa itatuwa, an kafa hukumar kula da lambuna, sa'an nan a 2010 aka mai da tsohon kurkukun Turawa na titin Broad wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park. A 2017 an buɗe lambun Johnson Jakande Tinubu a Alausa. Akwai kuma gandun dajin Lekki, mai faɗin hekta 78, wanda aka kafa a 1990, inda yaro zai ga birai da kunkuru da tsuntsaye, ga gadar sama mai tsawon mita 401 wadda ta ratsa ta kan itatuwa. Wurare ne masu kyau. Illarsu ita ce mafi yawansu suna tsibiri ne ko kusa da ofisoshin gwamnati, alhali kuwa tarin jama'a suna Alimosho da Mushin da Ajegunle da Agege. Wasu lambunan ma na ado ne kawai, an kewaye su da ƙarfe a tsakiyar titi, mai wucewa ya gani ya yaba, yaro ba shi da inda zai yi gudu.

Akwai wata magana da ta fito a cikin rigimar 2024 wadda ya kamata a riƙe ta. Sa'ad da aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark domin a fitar da babban titin da zai tashi daga Ikko zuwa Kalaba, Ministan Ayyuka David Umahi ya kafa hujja da cewa gaɓar teku ta Gwamnatin Tarayya ce. Madalla. In ta gwamnati ce sa'ad da za a yi titi, ai ta gwamnati ce sa'ad da 'ya'yan talakawa ke neman wurin zama. Babu abin da zai hana a keɓe wani yanki mai faɗi, a sa masu ceto da fitilu da makewayi, a rubuta a doka cewa ba za a sayar ba, ba kuma za a karɓi ko kwabo a ƙofa ba.

Wannan aikin manya ne, zai ɗauki lokaci. Wanda ba ya bukatar jira yana hannun ƙananan hukumomi, watau filayen makarantun gwamnati da ke cikin kowace unguwa. In aka buɗe su ran Asabar da Lahadi da kwanakin hutu, aka sa mai gadi da malami ɗaya suna lura, yaro ya sami wurin wasa ba tare da ubansa ya biya kuɗin mota ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwanni suna ganin ciyamomi da kansiloli a kai a kai a kan maganar rumfuna da haraji, kuma a irin wannan zama ne ya kamata su sa maganar filayen kafin hutu mai zuwa.