Hilin Masu Sana'a: In baterin jirgi ya ƙi cika

Daga watan Disamba zuwa Janairu ruwan Gine yana cika kogin Isa, tun daga Ayoru har Yamai da Gaya. Lokacin nan jirage masu inji ba su hutawa. Suna ɗaukar buhunan shinkafa da albasa, da awaki da mutane. Wasu kuma na masunta ne masu hita da dare. Manomin da garkarsa ke ƙetare, ko ba shi da jirgi, kayansa suna jiran na maƙwabci.

Yawancin ƙananan injunan nan da igiya ake tada su. Amma akwai masu bateri. A murɗa makulli inji ya tashi, kuma baterin shi ke ba hitila wuta, shi ke cika salula. Ciwon da ya hi damun masu irin wannan shi ne bateri ya riƙa mutuwa. Mai jirgi ya kai shi gari a cika, bayan kwana uku ya kwanta. Sai ya ce ya tsufa, ya sayo sabo. Bayan sati biyu sabon ma ya kwanta, wata ƙila da dare, tsakiyar kogi, ga kaya ga mutane, ba hitila, a wurin da dorina ke kiwo.

Abin da ke ruɗa shi, inji yana gudu lahiya lau. Dalili kuwa, a injunan da ake gauraya wa mai cikin isansi, wutar buji hanyarta dabam, wutar cika bateri hanyarta dabam. Ɗaya tana iya lalacewa ɗayar ba ta sani ba.

Bateri rumbu ne. Abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Gonar tana ƙarƙashin hular inji. In an cire hular za a ga faifan ƙarhe mai nauyi a sama. Cikinsa an manna mayen ƙarhe. Ƙarƙashinsa akwai naɗin waya, shi ne bobin. In faifan ya juya, wuta ta taso cikin bobin. Sai dai wutar nan mai kai da komowa ce, kamar ruwa cikin ƙwarya a kan mai gudu, kuma bateri ba ya shan irinta. Don haka take bi ta wani ɗan ƙarhe da bai hi akwatin ashana ba sosai, mai barin ta ta wuce gaba, ya hana ta komawa baya. Makanikai suna ce masa redireser. Daga nan sai fizibil, sai waya, sai kan bateri. Ko'ina a hanyar nan wuta tana iya tsayawa, kuma bincike daga mai araha ake fara shi.

Mai araha shi ne kan bateri. Danshin kogi yana sa shi yin farin gari ko kore. A kwance wayoyin, baƙa da farko, a kankare da takarda mai yashi har ƙarhen ya yi haske, a mayar, a ɗaure da sufana, a shafa ɗan man giris. Ɗaurin hannu ba ya isa, girgizar jirgi tana sassauta shi. A bi wayar da yatsa har cikin inji. Inda ta kumbura ko ta yi tauri, sau da yawa ta ruɓe daga ciki. A duba fizibil. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Masu naɗa masa takardar taba mai walƙiya suna sayen gobara ne kusa da tankin isansi.

Daga nan sai awo. Ma'aunin wuta ɗan akwati ne mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Masu gyaran rediyo da masu haɗa sola duk suna da shi. A juya shi zuwa harafin V mai miƙaƙƙen layi, kan lamba 20. Ja a kan alamar +, baƙa a kan alamar −. Baterin da ya kwana bai yi aiki ba, in cike yake zai nuna 12,6. In ya nuna 12,2 rabi ya rage. Ƙasa da 12 rumbu ya kusa zama wayam. Sai a tada inji, ƙafarsa cikin ruwa, don in ya yi gudu a tudu robar famfon ruwansa tana ƙonewa nan da nan. A ƙara wuta kaɗan kaɗan. Lamba ta hau zuwa 13,5 ko 14,5, to inji yana cikawa. In ta tsaya inda take, ko ta sauka, wuta ba ta isowa. In ta wuce 15 ta zauna can, bateri yana zahi, ruwansa yana raguwa, ya ƙoshi ana ta ɗura masa ne. Wannan ma yana kashe shi.

Wani lokaci awo ya nuna komi daidai, amma bateri yana mutuwa. A nan laihin ba na inji ba ne. Injin mai ƙarhin doki 40 irin wannan, sau da yawa abin da yake bayarwa bai wuce amfiya 6 ba, shi ma sai yana gudu sosai. Na mota ya ninka haka sau goma ko hiye. Ƙwan hitilar mota guda, mai wat 55, yana shan hiye da amfiya 4. In biyu ne, ga rediyo ga salular fasinja, masu ci sun hi masu noma. Masunci mai tahiya a hankali dare duka da hitila kunne, ɗiba kawai yake yi.

Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin ƴan gyara. Inji yana gudu sai su zare wayar bateri, wai in bai mutu ba yana cikawa. Mugunyar dabara ce. Injin nan ba zai mutu ba ko da hanyar cikawa ta lalace gaba ɗaya, tunda wutar bujinsa dabam take. Ba a koyi komi ba ke nan. Kuma wutar da ta rasa inda za ta zuba tana iya ƙone redireser nan take. Kan bateri mai kwance-kwance ɓarnar da yake yi ke nan a ɓoye, kullum. Haɗa wayoyi a juye cikin duhu shi ma haka, ƙibtawar ido ta isa. Ɗan jan ƙyalle a ɗaure kan wayar + yana maganin wannan.

In kan bateri da waya da fizibil lahiya suke, saura biyu: redireser ko bobin. Ana raba su da ƙwan hitilar babur. A kashe inji, a zare wayoyi biyu da suka sauko daga ƙarƙashin faifai zuwa redireser. A injin Yamaha galibi koraye ne. A haɗa su da ƙwan, a tada inji a bar shi a hankali. In ƙwan ya kama, ya ƙara haske da an ɗan taɓa wuta, bobin yana da rai, redireser ne ya mutu. Shi ne mai sauƙin kuɗi cikin biyun, kuma shi ya hi yawan mutuwa. Kahin a sa sabo a gano abin da ya kashe tsohon, in ba haka ba sabon zai bi shi. Mai wannan aiki ya naɗe hannun riga, ya ajiye rawani, faifan nan ba ya sakin abin da ya kama.

In ƙwan bai kama ba, aiki ya koma na makanike. Bobin da ya ƙone yakan yi baƙi, yana warin ƙonannar roba. Cire faifai yana son ƙarhen jansa na musamman. Wanda ya ɗauko guduma a tsayar da shi, bugu yana fasa mayen ƙarhe ko ya ɓamɓare shi.

Kahin a samu kayan gyara jirgi yana iya aiki. A gehen faifan akwai tsaga. A cire hula, a murɗa makulli zuwa wurin gudu, a tabbata giya ba ta ciki, a maƙala ƙullin igiya a tsagar, a naɗa a ja da ƙarhi. Sai dai a dawo gida kahin magariba.