Mairuwa: Tafki Ba Ya Rayuwa Sai Da Inuwa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Mairuwa da la'asar sakaliya ya san abin da nake nufi. Ga masunta cikin kwalekwale, ga iska mai sanyi, ga matasan Funtuwa suna hutawa a bakin ruwa. Amma ina inuwar da za a zauna?

Tun da titin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, aka kuma kammala shi a 1929, noman auduga ya bunƙasa, daji ya yi ta ja da baya. Gatari ya ci maɗaci da marke, yau kuma masu gawayi sun auka wa kaɗanya da ɗorawa. Sakamakon a fili yake. Ƙasar da ba saiwa ba ta riƙe ruwa; damina na zuwa sai ta kwashe yashi ta zuba cikin tafki, zurfinsa ya ragu, famfon gari ya ƙafe. Kada mu manta, a wannan yanki Kogin Sakkwato ya samo tushe.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo gandun shaƙatawa na ƙasa. Madalla, amma takarda ba ta dasa itace. Ya kamata ƙananan hukumomin Funtuwa da Malumfashi su hana sara a gefen madatsunsu, mu kuma kowa ya dasa goma a hutun damina, ya kula da su. Rigakafi ya fi magani.