Daren da gawayi ya so gamawa da mu a Tamanrasat

 Shekaranjiya yaron shagona a nan Kwatano ya iso da safe cikin rigar sanyi har da hular kunne, wai hunturu ya sauko. Na yi dariya na ce, "Kai yaro, wannan ai iska ce mai daɗi. Zauna ka ji labarin sanyi." Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, don na san a cikinku akwai masu 'ya'ya a kan hanyar hamada.

Watan Janairu ne na 1999, ina yaron wani Alhaji mai fataucin dabino. Muka tashi daga Agadas a saman babbar mota, muka bi Arlit da Asamaka, muka shiga Aljeriya ta Ingizam, daga nan kusan kilomita 400 zuwa Tamanrasat. Da rana lafiya lau. Rana na faɗuwa sai ka ce an jefa ka cikin firjin masu kifi. Hamada ba girgije, ba danshin da zai riƙe zafin yini, duk sai ya tsere sama. Ga garin kuma a kan tudu yake, sama da mita 1,300 daga matakin teku.

Ni ɗan Maraɗi, na ɗauka na san ɗari. Riga ɗaya na taho da ita, sai wani ɗan siririn bargo. Ashe ban san komai ba. Sanyin can daga yatsun ƙafa yake farawa, ya hau gwiwa kamar ana buga maka ƙusa, ya ratsa ƙashi ya zauna a ɓargo. Haƙorana suna haɗuwa kaf-kaf, magana ta gagara. Na fita fitsari, wallahi yatsuna suka kasa kwance tazuge. Ruwan buta kuwa, in ya taɓa fata kamar reza.

Mu biyar ne a ɗakin masauki, daɓen siminti, ƙofar kwano. Dare na biyu haƙuri ya ƙare. Muka samo kasko, muka cika shi da gawayi, muka hura, muka shigo da shi. Ni da hannuna na toshe ƙasan ƙofa da taga da buhunan dabino, har ina jin na yi dabara. Ɗumi ya sauko, daɗi ya kama mu. Can na ji kaina yana sarawa, jiri yana ɗibata ina kwance. Na ce gajiyar hanya ce, na ja bargo.

Allah ya sa Alhaji ya tsaya shan shayi wajen mai dabino, bai dawo ba sai tsakar dare. Ya buga ƙofa, shiru. Ya kira sunayenmu, shiru. Shi da mai gidan suka ɓalle ƙofar, suka jawo mu waje ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna. Na farka a kan yashi ina amai, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ƙaraminmu bai buɗe ido ba sai a asibiti. Alhaji bai zage ni ba. Ya dai ce, "Yaro, me ka so in je in gaya wa uwarka?" Har yau maganar nan tana kunnena.

A asibitin aka yi mana bayani. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare wurin iskar da muke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Ko gawayin ya ja, hayaƙi ya ɗauke, gubar tana nan. Janareta a cikin ɗaki ko shago ma haka yake.

To, wanda zai tura ɗansa arewa tsakanin Disamba da Fabrairu, ya haɗa masa riguna biyu ko uku da zai jera a jiki, da safa, da rawani ko hular da ke rufe kunne. Ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin tabarma, don siminti ya fi iska shan ɗumin jiki. Kada ya kwanta da yunwa. In za a ji ɗumi, a ji a waje, a bar kaskon a can kafin a kwanta. Wanda aka tarar ya sheme a ɗakin gawayi, a buɗe ƙofa, a fitar da shi iska, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Uwayen gida, ku ma da ku nake. Ɗakin mai jego da na tsofaffi su aka fi kai wa kasko, a ja ƙofa, a ce gata ne.

Yaron shagon nawa ya saurara tsaf, ya cire hular kunnensa, ya ce, "Baba, ƙanena yana Arlit, bari in kira shi." Na ce ga wayata, kira shi yanzu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa.