Wa Ya Ce Ƙarfe Ba Ya Waƙa?

Ran nan a ɗakin kwananmu na jami'a wani ɗan ajinmu ya kashe mini waƙa ina cikin saurare, wai muryar ƙarfe ce, wai yaran yanzu sun sayar da gadonmu. Da na dubi salularshi, waƙoƙin Indiya ne cike. To, bari in amsa mishi a nan, tunda ran nan bai bar ni na ƙarasa magana ba.

Wanda ya kashe mini ɗin Mdou Moctar ne, Buzu, ɗan jihar Tawa. Gitarshi ta farko da hannunshi ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba su son zancen kiɗa. A 2008 ya tsallaka iyaka ya tahi Sakkwato, ya shiga sitidiyo irin wanda ake buga waƙoƙin fim ɗin Hausa, ya ɗora Tamashek bisa fiyano da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Sunan aikin Anar. Ba kamfanin da ya tallata shi. Daga salula zuwa salula ya yi ta yawo, ta bulutut da kart memuwar, har ya faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa waƙa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011. Yau yaron Abalak shina cika zaure a Turai da Amurka. Da ya zauna gida yana jiran izinin masu gadin al'ada, wa zai san shi?

Kuma wane gado ake zance? Mamman Shata ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Kalangun da ya yi suna da shi kiɗan mahauta ne. Shi ya fidda shi daga bakin mahauta ya kai shi tasha da bariki da gaban sarakuna. Na tabbata a lokacin akwai mai ƙunƙuni irin abokina. Yanzu kuwa Shatan ne sandar da ake dukan yara da ita.

Mu ƴan kimiyyar harshe ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan gardama. Takobi daga Buzaye muka karɓo kalmar, littafi daga Larabawa, lakwal daga Faransawa. Fatake da alhazai da ƴan cin rani suka kwaso su a hanya, bakinmu ya murɗe su har suka zama namu. A aji muna kiran wannan aro, mu rubuta, a ba mu maki. Makaɗi ya yi irinshi da sauti, sai mu ce ɓata al'ada.

Ban ce duk abin da ya fito daga kwamfuta waƙa ba ne, a'a. Akwai masu ɗaukar kiɗan Legas ɗungurungum su liƙa mishi Hausa kamar faci a taya, kuma ni ma suna gundurata. Amma laifinsu ba yawo ba ne, rashin yawon ne: ba su taɓa kwana gidan mai gurmi a ƙauye ba, ba su zauna sun ji yadda mata ke jera luguden daka ba, Agadas ma sai a hoto. Intanet kaɗai suka leƙa.

Hutun nan ƙanena zai bi mota zuwa Damagaram da ƴar na'urar ɗaukar murya da ya aro. Baba ya ce yawon banza ne, ya hana kuɗin mota. Jika biyar ɗin da na rage cikin burs ɗina na damƙa mishi, kuma ban gaya wa Baba ba tukuna.